Ƙarfen da ya ji turmin Hajiya

Assalamu alaikum, mai gabatar da shirinmu na rediyo. Ni ne Baba Salifu, mai shanu a bayan unguwar Nyanshegu. Ban yi boko ba, maƙwabcina ke rubuta min.

Bara wasu masu bincike suka binne wani ƙarfe a gefen garkena, suka rufe da siminti. Wai na'urar jin girgizar ƙasa ce. Ko izinina ba su nema ba! Matata Hajiya ta ga daɓe mai kyau, sai ta mai da turminta kai.

Shekaranjiya sai ga masu binciken sun dawo. Babbansu ya ce, "Baba, kullum da safe ƙasar nan rawa take, muna gani daga Akra. Makon jiya ne kawai ta yi shiru."

Innalillahi! Makon jiya Hajiya na kwance da zazzaɓi, ba ta yi daka ba. Ko ƙanena da ke unguwar Aboabo bai sani ba!

Yanzu wai in kawar da turmi har da shanu, takunsu ma yana damun na'urar. Na ce turmi dai zan kawar, amma garken ubana ya riga ƙarfensu zuwa.

Jama'a, ku ba ni shawara. Ƙarfen da ya san ciwon matata, me kuma yake kai musu?