Wasalin Ƙarshe

A ofishin wani kamfanin yawon buɗe ido a Arusha, mutum biyu na jiran gwajin Sifaniyanci, gurbin aikin kuwa ɗaya ne. Ɗayansu, wani mai kwat, ya leƙa tsohon littafin da ɗayar, Mwanaidi, ta koya wa kanta harshen da shi.

"Ƙanwata, haddar aikatau kike? Ni difloma gare ni a Turanci! A can, ko ni, ko ke, ko su, aikatau ba ya sauyawa. Sifaniyanci ma haka."

"Allah ya ƙara basira, Yallaɓai."

Baturiya mai gwajin ta fito. Mai kwat ya yi zumbur ya miƙe: "Habla español!"

Matar ta yafito Mwanaidi.

"Kai! Ai ni na yi magana!"

"Hablo, na iya. Habla, ta iya," in ji Mwanaidi, tana saɓa jakarta. "Ni ka yi wa shaida, Yallaɓai. Na gode."