Takardar da Na Ɓoye wa Jikana

Assalamu alaikum mai gabatar da wannan shiri na rediyo, sannu da aiki. Ni ne Malam Buba, tsohon malamin firamare, daga unguwar Madaki. A yi haƙuri da rubutuna, tsufa ne.

Jikana Habu, wanda na riƙa tun rasuwar ubansa, ya gama sakandare ya nemi makarantar koyon jinya a Maiduguri. Takardar ɗaukarsa ta faɗo hannuna ba ya gida. Lokacin kullum sai ka ji an tare matafiya a hanyar zuwa can. Tsoro ya kama ni, na cusa ta ƙasan akwatina.

Kowace safiya sai ya ce, "Kaka, shiru?" In ce, "Shiru, sai haƙuri."

Ya gwada gyaran waya a bakin tasha, sana'ar ba ta karɓe shi ba. Bara ya bi motar shanu zuwa Kudu. Da zai tafi ya ce, "Kaka, ni dai kaina ne ba ya ja."

Ni na koya masa karatu, na san kansa yana ja.

Masu sauraro, ku ba ni shawara, ta ina zan fara neman gafararsa? Habu, in kana ji, sun ɗauke ka. Takardar tana nan.