Kafin Mu Sa Hannu a Kan Kwantenar Nan

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban wannan taro, uwar ƙungiya da muƙarrabanta, dattawanmu da suka riga mu zuwa ƙasar nan, likitarmu da ta baro aiki ta zo, babban baƙonmu mai kamfani, 'yan'uwana maza da mata 'yan gari ɗaya, ina gaishe ku gaisuwar girma.

Ina godiya ga shugaba da ya ba ni wannan dama, alhali ya san ba tafi na zo yi ba. Ina godiya ga baƙonmu, wanda ya ce zai cika kwantena guda da injinan asibiti kyauta, mu aika wa asibitin garinmu. Wanda bai san ni ba, ni ne mai gyaran injina a babban asibitin da ke bayan tashar jirgi, shekara goma sha uku ke nan.

Magana ta farko, asibitin nan da muke yabo. Gaskiya ne wuta ba ta ɗaukewa, gaskiya ne ruwa ba ya yankewa, gaskiya ne idan ka faɗi a titi mota za ta zo kafin 'yan kallo su taru. Amma bara, da ciwon ciki ya kama maiɗakina, sai da muka yi mako goma sha ɗaya muna jiran ranar ganin likita. Kullum na buga waya, murya mai daɗi ta ce in ƙara haƙuri. Ranar da aka kira mu, minti goma aka ba ta, likitan kuma fuskar kwamfutarsa ya fi kallo. Da muka fito ta ce mini, "A gida da tuni ƙanin babana ya kai ni har gaban likita." Na ce haka ne, sai dai da likitan ya rubuta a yi hoton ciki, a ina za a ɗauka? A nan akwai inji, ganin mutum ne wuya. A can akwai mutum, inji ne babu. Saboda haka ni ma ina son injinan nan, kada wani ya ce ba na so.

Magana ta biyu, asibitinmu na gida. Shekara huɗu da suka wuce na je hutu, ya zo daidai da haihuwar yayata. Bakwaini ta haifa, namiji, ɗan mitsitsi, yana numfashi da ƙyar. A barandar ɗakin haihuwa na ga kwalbar jarirai har guda biyu, farare tas. Na ce alhamdu lillahi. Da na buɗe ta farko, katunan marasa lafiya na tarar an jera a ciki. Ta biyu kuma a nan ma'aikata ke ajiye kwanukan abincinsu saboda ƙuda. Ungozomar, dattijuwa mai haƙuri, ta dube ni ta ce, "Ɗana, tun da aka kawo su ba su taɓa tashi ba. Ranar dai an ɗauki hoto da su." Na kwance bayan ɗaya da hannuna, na tarar an cire abin da ke ba da ɗumi tun kafin ta bar ƙasar da ta fito. Ungozomar nan ta ɗaure yaron a ƙirjin uwarsa, ta kwana biyu tana kai da kawo a kansu, a rana ta uku Allah ya karɓi abinsa. Ba na jayayya da ƙaddara. Amma da ba a ga kwalba a baranda ba, da tun ranar farko mun ɗauki yaron nan zuwa babban birni. Ganin inji ne ya zaunar da mu.

Magana ta uku, ita ce ta tsayar da ni a gabanku. Ranar Asabar shugaba ya aike ni siton baƙonmu in duba kayan. Baƙonmu ya karɓe ni hannu biyu, ya ba ni shayi, ya zaga da ni. Kaya sun sha goge, suna ƙyalli. Na nemi in jona ɗaya a wuta, aka ce wutar siton ta samu matsala, alhali fitilu na ci a kanmu. Na nemi littafin da ake rubuta tarihin gyaran kowane inji, aka ce yana ofis, mai makullin kuma ya yi tafiya. Na duƙa bayan injin wankin ƙoda, na ga an kankare lambarsa. Na shafa gefensa, yatsana ya manne da sauran gam, mai kusurwa huɗu, daidai faɗin tafin hannu. Jama'a, na san wannan gurbin. A wurin aikina, idan inji ya gama yayi, ni nake manna masa jar takarda mai cewa kada a sake sa shi a jikin mutum, kuma girmanta ke nan. Na ƙirga irin wannan gurbi a jikin inji tara. Da na yi magana, baƙonmu ya yi dariya ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, kyauta ma sai an yi mata tambayoyi?"

Ranka ya daɗe, a asibiti ana yi mata. Ban ce ka cuce mu ba, wataƙila kai ma haka aka ba ka. Amma kowa a sana'ata ya san dokar ƙasar nan ta tsananta kan zubar da mataccen inji, ya kuma san hanya mafi sauƙi ita ce a samu masu godiya su kwashe shi. Me ya sa ake son mu sa hannu yau? Me ya sa takardar ta ce da zarar kaya sun hau jirgi, alhakinsu ya koma wuyan ƙungiya? Me ya sa aka gayyato mai ɗaukar hoto, ba a gayyato mai gwaji ba?

Roƙona ɗaya ne. A ba ni mako biyu, ni da likitarmu, mu jona kowane inji a wuta a gaban shaidu. Wanda ya tashi, ni zan ɗaure shi da hannuna, in rubuta yadda ake kula da shi cikin harshenmu. Wanda bai tashi ba, ya zauna a ƙasar da ta ci amfaninsa. Idan duka suka tashi, zan tsaya a wannan wuri in ba baƙonmu haƙuri da babbar murya. Kafin nan, shugaba, ina roƙonka ka mayar da alƙalaminka aljihu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na nan da na gida. Allah ya saka da alheri ga ma'aikatan da ke jinyar mutane da hannuwansu biyu kawai. Allah ya nuna mana gaskiyar abin da ke cikin siton nan, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.