Taken Ɗangoggo a Hannun Turawa

A tashar Dakoro, muna jiran motar Korahane ta cika, wani saurayi ya miƙa wa tsohon da ke kusa da shi wayarsa.

"Baba, dubi nan. Turawa ne cike da ɗaki, kowa da gogensa a wuya, ga mai sanda yana ba su umarni. Taken kakana suke kaɗawa a Faransa."

"Wane ne kakan naka?"

"Ɗangoggo ɗan kokawa. Wani Bature ya ɗauki kiɗan tun da daɗewa. Dubi matar can, har hawaye take yi."

Tsohon ya kara wayar a kunne.

"Sun iya, sai dai sun ja shi kamar masu rakiyar gawa. Ina waƙar?"

"Su ba su sa baki, kiɗa zalla ne."

"Allah ya saka musu, sun rufa maka asiri."

"Kamar yaya?"

"Yaro, wannan ba take ba ne, zambo ne. Ranar da Ɗangoggo ya ga ƙirjin abokin karawarsa, ya ce bari ya zaga bayan gari, ba a sake ganinsa ba sai da damina ta faɗi. 'Yan mata suka yi masa waƙa. Da ita ake daka har yau."

"Baba, rage murya. Gidan surukaina zan kai shi. Na riga na gaya musu kakana ya shahara har Turai."

"Ina surukan naka suke?"

"Korahane."

"Ai can aka yi kokawar. Kai dai kunna musu, su za su sa maka waƙar."