Sigarin da Ba a Kunna Ba

A ɗakin jiran fasinjoji na tasha, mai gadi ya hango wani dattijo zaune daidai ƙarƙashin allon hana shan taba, da karan sigari a bakinsa. Ya nufe shi da sauri.

"Baba, ba ka ga allo ba ne? An hana sha a nan, har na lantarkin ma."

"Na gani, ɗana. Kai ka ga hayaƙi?"

"Ban gani ba, amma..."

"To, sha aka hana, ba tsotsa ba. Yau kwanana goma sha tara rabona da ashana. 'Yata ce ta haihu, ta ce muddin ina warin taba, sai dai in hango jikana daga bakin ƙofa. Yanzu haka can za ni, a shinshina ni."

"Allah ya raya. Duk da haka, mayar da shi aljihu."

"Wace doka ta ce haka? Nuna min."

Mai gadi ya waiga hagu da dama, sannan ya rage murya.

"Ba doka ba ce, Baba, roƙo ne. Ni kwanana uku da dainawa, an ce min ko taba ko aiki. Wallahi tun da ka zauna yawuna ke tsinkewa."

Dattijon ya kece da dariya har sigarin ya faɗo a cinyarsa. Ya tura shi aljihu, ya matsa gefe a kan benci.

"Kwana uku? Ai ba ka ga komai ba tukuna! Zauna nan, motata sai ƙarfe biyu. Bari in ba ka labarin rana ta huɗu, kada ta same ka ba shiri."