Ranar da Na Kashe wa Jikata Taurari

Mai girma shugaban taro, malaman jami'a da suka tako har ƙofar gidanmu, abokan karatuna na ajin yamma, 'yan'uwa da maƙwabta, assalamu alaikum.

Na gode da kuka zo taya mu murnar digirin jikata. Maganata uku ce.

Ta farko, aikinta. Ni maƙeri ne, sai da na yi furfura na koyi karatu, amma ta yi mini bayani har na gane. Ta ce babban tauraro idan ya tsufa fashewa yake yi. Fashewar kan ingiza iskar gas da ke tsakanin taurari, ta watsa wata, ta dunƙule wata, kuma a inda ta dunƙule sababbin taurari ke kamawa. Abin yana cin miliyoyin shekaru, babu mai tsayawa ya gani, shi ya sa take sa kwamfuta ta kwaikwaye shi da lissafi.

Ta biyu, laifina, wanda ban taɓa faɗa ba sai yau. Saura sati uku ta miƙa aikin, kwamfutar ta kwana tara tana lissafi a ɗakinta. Ran nan ta fita, na ji na'urar tana huci. Na taɓa, zafi rau. Shekara hamsin ina aiki da wuta, na san ƙarfe idan ya yi haka hutu yake so. Na zare wayarta daga bango, har na lulluɓe ta da zane.

Aikin kwana tara ya tafi. Yarinyar nan ba ta yi kuka ba, ba ta tuhumi kowa ba. Ta ce dai idan aka sake samun tsaiko, digiri sai baɗi. Ta kunna daga farko. Washegari na ga takarda manne a jikin na'urar, da manyan baƙaƙe irin na littafinmu na aji ɗaya: "Aiki take yi. Zafin ba ciwo ba ne." Duk gidan nan, wa za a rubuta wa haka in ba ni ba?

Ta uku, na ɗauko kujera da mafici. Kwana goma sha biyu ina wuni ina yi wa kwamfuta fifita. Kakarta ta ce ita tunda ta aure ni ba ta samu wannan gata ba. Ranar da lissafin ya kammala, jikata ta nuna mini a fuskar kwamfutar wasu ɗige-ɗigen haske a gefen wani abu kamar kumfa, ta ce, "Kaka, ga taurarin da ka kashe, sun sake kamawa."

Takardar nan tana aljihuna, kuma da idona na karanta ta. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, Allah ya saka wa malamanta da nawa malaman da alheri, Allah ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.