Langar Inna Hure da Rufin Ɗakin Haihuwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban taro, mai girma Dagaci, Liman da malamanmu, iyayenmu mata, jama'ar gari da baƙinmu na Ɗanbatta, barkanku da zuwa buɗe ɗakin haihuwarmu. Ni Dabo, da kuka ɗora wa shugabancin kwamitin gini, godiya ce ta tsayar da ni a gabanku.

Mun gode wa wanda ya ba da yashi, mun gode wa wanda ya ba da amalanke, mun gode wa matan da suka ɗebo ruwa, a shekarar da siminti ya fi ƙarfin kowa, hatsi ma sai a hankali.

Amma ku sani, saura kaɗan aikin nan ya tsaya. Gini na kaiwa linta, wato saman ƙofa da taga, Tasi'u birkila da Muntaka kafinta suka daina gaisawa. Muntaka ya ce ba a bar masa rodin da zai ɗaure katako ba, kuma ba zai yi rufin da iska za ta kwashe a zage shi ba. Tasi'u ya ce ginin da ya gama, ba mai sa shi ya fasa. Na yi lallashi, na yi faɗa, wallahi har raina ya ɓaci. Ga hadari ya fara haɗowa a gabas, ga Safara'u matar ƙanena da tsohon ciki, wadda ta rasa na farinta a hanyar asibitin Ɗanbatta.

Inna Hure, mai dafa wa ma'aikata abinci, ita ta raba gardamar. Da ma tun da suka ɓata, langa biyu take aikawa. Rannan sai ta kawo ɗaya da kanta cike da dambu, ta dire a tsakaninsu, ta ce, "Ku 'ya'yan nan, na gaji. Wanda ba zai sa hannu da ɗan'uwansa ba, ya wuni da yunwa."

To, kun san Tasi'u da dambu. Kafin a ga gindin langar nan sun shirya: shi ya huda gini, Muntaka ya zura rodi, suka toshe tare.

Inna Hure, mun gode. Tasi'u da Muntaka, mun gode da kuka sauko.

Ranar Talata aka yi ruwa da iskar da kuka gani. Safara'u tana cikin ɗakin nan tana naƙuda, don ba ta jira bikinmu ba. Ko ɗigo bai shiga ba, ta sauka lafiya. An yi wa jaririyar huɗuba da sunan Inna Hure.

Allah ya raya ta, ya haɗa kan masu sana'armu, ya kawo mana sauƙin wannan zamani, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode ƙwarai.